An ga ƙari a hanta: sikanin mai allurar kumfa, ko CT, ko MRI?

Akasarin ƙarin da ake samu a hanta, sikanin na yau da kullum ne ke fara tono shi. Mutum ya je asibiti da ciwon ciki, ko mai ciwon hanta nau'in B ya je duban da ake yi masa duk wata shida, a shafa masa man nan mai sanyi, a zaga da kan na'ura ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama, sai takarda ta fito cewa an ga wani dunƙule mai faɗin santimita biyu ko uku, a ƙara bincike. Iyakar abin da wannan sikanin ke iya faɗa ke nan a mafi yawan lokuta: akwai abu, ga girmansa, ga inda yake. Ko daji ne, ko dunƙulen jijiyoyin jini ne da mutum zai tsufa da shi lafiya lau, ko mugunya ce ta taru, wannan sai da wani hoton. Daga nan iyali ke shiga lissafi, domin hotunan da ke gaba guda uku ne, kowanne da kuɗinsa da nisansa: CT, MRI, da wanda ba a cika jin sunansa a wajenmu ba, wato sikanin mai allurar kumfa, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da CEUS.

Duka ukun dabara ɗaya suka dogara da ita, kuma wanda ya gane ta zai gane sauran maganar. Hanta ta hanya biyu take samun jini. Kusan kashi uku cikin huɗu yana zuwa ne ta babbar jijiyar da ke kwaso jini daga hanji, wadda ake kira jijiyar fotal, ragowar kuma ta jijiyar da ke kawo jini kai tsaye daga ɓangaren zuciya. Dajin da ke tasowa daga ainihin naman hanta kuwa kusan duk abincinsa ta wannan jijiya ta biyu yake samu, wadda jininta ke riga na fotal isowa. Kamar fadama ce mai magudana biyu, ɗaya ruwanta na isowa da wuri, ɗaya na biyo baya: kwamin da ke shan mai isowa da wuri zai jiƙe kafin sauran, kuma sanda sauran ke cika shi ya fara tsanewa. Idan aka zuba wani abu a jini wanda na'ura ke iya gani, ƙarin daji zai haskaka kafin sauran hanta, daga baya ya dusashe ya bar ta tana haske. Wannan shiga da fita ita likitan hoto ke farauta. Bambancin hotunan uku yana cikin abin da ake zubawa, da yadda ake kallon tafiyarsa.

A sikanin mai allurar kumfa, abin da ake zubawa ƙananan kumfa ne na iska, kowane ɗaya bai kai girman ƙwayar jan jini ba. Wanda aka fi sani sunansa SonoVue, na kamfanin Bracco na Italiya. Turai ta amince da shi a 2001, Amurka kuwa sai a 2016 ta yarda a yi amfani da shi wajen duban hanta, da sunan Lumason. A 'yar kwalba yake zuwa da farin gari a ƙasanta. Ma'aikacin jinya zai zuba ruwan gishiri na asibiti a ciki, ya girgiza kamar sakan ashirin, sai ya koma fari kamar madara. An riga an sa wa majiyyaci allura a jijiyar hannu, yana kwance a gadon sikanin da ya saba da shi. Likita zai nemo ƙarin, ya tsayar da hannunsa a kansa, ya raba allon gida biyu, ɓangare ɗaya hoton da aka saba, ɗayan baƙi ƙirin. Ya rage ƙarfin na'urar don kada ta farfasa kumfan. Sai a tura mililita 2.4 ko ƙasa da haka, a bi shi da ruwan gishiri, a danna agogo. Tsakanin sakan goma zuwa ashirin baƙin allon zai fara kamawa da haske mai ruwan zinare. Daga nan likita ba ya ɗauke ido, yana kallon yadda jinin ke shiga ƙarin a kan idonsa, har zuwa minti huɗu ko biyar. Majiyyaci yana iya juyo da kai ya gani da kansa. Cikin kamar kwata ɗaya na awa iskar ta fita ta huhu tare da numfashi, ya tashi ya goge cikinsa ya tafi gida.

Wannan kallo na kai tsaye shi ne babban ƙarfinsa. CT da MRI hotuna suke ɗauka a lokutan da aka tsara, misali a sakan 35, a sakan 70, sannan bayan minti uku zuwa biyar. Idan zuciyar majiyyaci ta tura jinin da sauri ko a hankali fiye da lissafi, ana iya rasa ɗan lokacin da ƙarin ya haskaka. Mai kumfa ba ya rasa shi, tunda ba a daina kallo ba. Kuma kowane irin ƙari da tafiyarsa. Hemanjiyoma, dunƙulen jijiyoyin jini da ya fi kowane ƙari marar cutarwa yawa a hanta, daga gefe yake fara cika ɗigo-ɗigo, hasken ya riƙa kutsawa tsakiya a hankali, kuma ba ya dusashewa. Wani ƙarin marar cutarwa da aka fi gani a jikin mata matasa, FNH, daga tsakiya yake cika zuwa waje. Mugunyar da ta taru, irin wadda ƙwayar atuni ta amiba ke haddasawa a ƙasashe masu zafi irin namu, gefenta ke haske, cikinta ya zauna baƙi domin babu jini a ciki. Dajin da ya yaɗo daga hanji ko nono ko wani wuri yakan zubar da haskensa da wuri, kafin minti ɗaya, ya zama baƙin rami a tsakiyar hanta mai haske. Wani babban bincike da aka yi a asibitoci da dama na Jamus a kan ƙari 1,349 ya samu cewa wannan hanya tana raba mai cutarwa da marar cutarwa daidai a kusan kashi 90 cikin 100. A 2012 hukumar NICE mai tsara jagorar kiwon lafiya a Birtaniya ta ba da shawarar a yi amfani da shi ga manyan da aka tsinci ƙari a hantarsu ba zato, idan sikanin na farko bai warware ba.

Sai dai a kan ainihin dajin hanta an sha taƙaddama, kuma ya kamata mai zaɓi ya san ta. Akwai daji na biyu da ke tasowa a cikin hanta, na magudanan ruwan matsarmama, kuma maganinsa daban ne. A 2010 wani bincike daga Barselona ya nuna cewa kusan rabin irin wannan daji da aka duba da kumfa sun yi kama da dajin naman hanta. Dalilin a fili yake. Kumfan ba sa fita daga cikin jijiya, alhali ruwan allurar CT da MRI yana tsattsafowa ya zauna cikin tsokar ƙarin, saboda haka a can dajin magudana yana riƙe haske, a nan kuwa yana zubarwa. Ƙungiyar likitocin hanta ta Amurka ta cire CEUS daga jagorarta a wannan lokaci. Abin da ya dawo da martabarsa shi ne agogo. An lura cewa dajin magudana yana dusashewa da wuri kuma sosai, na naman hanta kuwa a makare kuma sama-sama. A kan haka kwalejin likitocin hoto ta Amurka ta fitar da ma'aunin CEUS LI-RADS a 2016. Ƙarin da ya kai santimita ɗaya, ya haskaka da farko ba ta gefe kawai ba, sannan ya dusashe kaɗan bayan sakan 60, shi ake ba wa lambar LR-5, ma'ana dajin naman hanta ne. Wanda ya dusashe kafin sakan 60, ko ya yi baƙi ƙirin da wuri, LR-M ne: da alamar daji, amma sai an tantance wane iri. Da aka gwada wannan ma'auni a Italiya a kan ƙari 1,006 a hantar da ta ƙandare, wato wadda daɗaɗɗen ciwo ya cika ta da tabo, sama da 98 cikin 100 na waɗanda aka ba LR-5 sun tabbata dajin naman hanta ne. Amma kashi 62 kacal na masu dajin suka samu wannan lamba. Wato idan ya ce e, a yarda da shi. Idan bai ce e ba, ba a wanke mutum ba tukuna. Ƙungiyar likitocin hanta ta Turai ta mayar da shi cikin jagorarta a 2018, amma a sahu na biyu, bayan CT da MRI.

Wurin da babu mai ja da shi kuwa shi ne ƙoda. Allurar CT tana ɗauke da sinadarin aidin, ta ƙoda take fita, shi ya sa ake neman gwajin ƙoda kafin a yi, kuma ana taka-tsantsan sosai ga wanda ƙodarsa ta yi rauni. Ta MRI sinadarin gadoliniyom ce, kuma tun 2006 aka gano cewa wasu nau'o'insa na iya jawo wata muguwar cutar ƙandarewar fata ga masu ciwon ƙoda mai tsanani, ko da yake nau'o'in da aka fi amfani da su yanzu haɗarinsu kaɗan ne ƙwarai. Kumfa ba ruwansu da ƙoda. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin mai hantar da ta ƙandare, musamman wanda ruwa ya taru a cikinsa, sau da yawa ƙodarsa ma a kan gaɓa take. Ba radiyeshin a ciki, wato irin hasken da CT ke ratsa jiki da shi, ana iya maimaita allurar a zama ɗaya, ana iya kai na'urar bakin gadon wanda ba ya iya tashi. Wani nazari a Italiya a kan gwaji sama da 23,000 ya samu mutum biyu ne kawai suka yi mummunan borin jini, babu wanda ya rasu. Duk da haka a yi shi a inda ke da kayan ceto, kuma mai ciwon zuciya ko huhu mai tsanani, da mai juna biyu, da wanda ya taɓa yin borin jini da wata allura, su faɗa tun kafin a fara.

Rauninsa ma ba ɓoyayye ba ne. Sikanin ne dai, saboda haka abin da sikanin bai gani ba, kumfa ba za su nuna shi da kyau ba. Mai ƙiba, mai kitse a hanta, ƙarin da ke can ciki da nisa, ko wanda ya maƙale a saman hanta ƙarƙashin huhu, duk suna ba shi wahala. Allura ɗaya ƙari ɗaya ko biyu take iya bi, tunda hannun likita wuri ɗaya yake a sakannin farko. Ba ya duba huhu, ba ya zaga sauran ciki. Sannan sakamakonsa yana hannun mai riƙe da na'urar. Hoton CT ana iya kwafe shi a faifai a kai wa wani likita a Zariya ko Abuja ya sake karantawa daga farko, na kumfa kuwa abin da mai yi ya nufa da na'ura shi kaɗai aka ɗauka.

CT shi ne wanda ya fi kusa da hannun mutanenmu. Ana samunsa a asibitocin koyarwa da wasu cibiyoyin hoto masu zaman kansu a manyan birane. Yana da sauri, ɗaukar hoton kanta sakanni ce, kuma wanda ba ya iya riƙe numfashi da yawa yana jurewa. Majiyyaci zai ji wani ɗumi ya ratsa jikinsa da ɗanɗanon ƙarfe a baki sanda aka tura allurar, wannan ba abin tsoro ba ne. A zama ɗaya zai nuna hanta gaba ɗayanta, yawan ƙarin, ko sun shiga jijiyar fotal, ko akwai kaluluwa, ko an taɓa huhu. Likitan tiyata da likitan daji a kan wannan taswira suke yanke shawara. Radiyeshin ɗinsa ya fi abin da mutum ke sha daga muhalli a shekaru da dama, tunda sau uku ko huɗu ake ratsa hantar, amma ga wanda ake zargin yana da daji wannan ba dalilin gudu ba ne. Ya fi zama abin dubawa ga yaro ko matashiyar da za a riƙa bibiya shekara da shekaru.

Akwai wata asara da ke ci mini tuwo a ƙwarya a nan. Mutum ya sayar da akuya ko ya ci bashi, ya yi CT, ya kawo wa likitan hanta, a ce hoton ba zai yi amfani ba. Dalili shi ne an yi shi babu allura, ko an yi allurar amma sau ɗaya aka ɗauka, a lokacin da dukan hanta ta riga ta cika. Irin wannan hoton zai nuna akwai ƙari, abin da an riga an sani tun daga sikanin na farko. CT da ake buƙata don ƙarin hanta shi ne mai matakai uku ko huɗu, wanda ke kama lokacin shigar jini da lokacin fitarsa. A tabbata an rubuta haka a takardar neman hoton, a kuma tambaya a wurin biya kafin a miƙa kuɗi.

MRI ya fi su duka ido a kan ƙananan ƙari, musamman masu santimita ɗaya zuwa biyu a hantar da ta ƙandare ta cika da ƙulle-ƙulle. Ban da tafiyar jini, yana gane kitse da ƙarfe da cunkoson ƙwayoyin halitta a cikin ƙarin. Akwai ma wata allura, Primovist, wadda lafiyayyen naman hanta ke shanyewa cikin kamar minti 20, ya bar ƙarin a fili. Ba radiyeshin. Amma ya fi tsada, injinan ba su da yawa, kuma ba kowane inji ne ke da ƙarfin da hoton hanta ke buƙata ba. Mutum zai kwanta cikin rami mai ƙara na rabin awa ko fiye, ana ce masa ya riƙe numfashi na sakan 15 zuwa 20 sau da yawa. Tsohon da ruwa ya cika masa ciki yana haki ba zai iya ba, hoton ya fito a birkice, kuɗin ya tafi a banza. Mai na'urar bugun zuciya ko wani ƙarfe a jiki sai an tantance kafin ya shiga.

To wa ya kamata ya nemi wanne? A ganina abin da ke raba gardama shi ne halin hantar da tambayar da ake son amsawa. Mace mai shekara talatin, ba ta da ciwon hanta B ko C, gwajin jininta lafiya, aka tsinci ƙari guda ana duban wani abu daban: mafi rinjaye marar cutarwa ne, kuma tambayar guda ce, mene ne wannan? Ita ce aka yi mai kumfa dominta. Cikin minti goma za a iya cire mata fargaba, ba radiyeshin, ba jiran mako biyu. Haka mai ciwon ƙoda, da wanda CT ko MRI ɗinsa ya fito bai yanke hukunci ba. Haka kuma idan an ga toshewa a jijiyar fotal ana son sanin gudan jini ne ko daji ne ya kutsa, domin daji yana haskakawa, gudan jini ba ya yi, kuma wannan amsar tana sauya maganin gaba ɗaya.

Mai ciwon hanta B ko hantar da ta ƙandare lissafinsa daban ne, kuma shi ne mafi yawan wanda wannan magana ta shafa a ƙasar Hausa. Binciken ƙasa na 2018 ya samu kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar cutar B. Sai a 2004 rigakafinta ya shiga jerin allurar yara, don haka manya da yawa ba su samu ba. Ga kuma gubar afulatoksin da ke cikin gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a ajiya, wadda ke ninka haɗarin idan ta haɗu da cutar B. Wani nazari da aka wallafa a 2017 a kan masu dajin hanta a ƙasashen Afirka ya samu cewa, in aka cire Masar, tsaka-tsakin shekarunsu 46 ne, kuma rabinsu ba su wuce wata biyu da rabi ba bayan ganowa, saboda a makare suke zuwa. Ga irin wannan mutum, ƙarin da ya kai santimita ɗaya daji ne har sai an tabbatar ba shi ba ne, kuma tambayoyin biyu ne a haɗe: mene ne, kuma ina ya kai? Ko da mai kumfa ya ba da LR-5, sai an yi CT ko MRI kafin a tsara tiyata ko ƙona ƙarin da allura. Saboda haka idan kuɗin hoto ɗaya ne a aljihu, a sa shi a CT mai matakai, ko MRI idan ƙarin ƙarami ne kuma akwai hali. Idan ƙarin bai kai santimita ɗaya ba, babu ɗayan ukun da ke iya tantance shi da tabbaci, abin da ake yi shi ne sake sikanin bayan wata uku zuwa shida, kuma kada a tsallake ranar.

Gwajin jini na AFP, wani sinadari da dajin naman hanta kan ɗaga, yana taimakawa, amma ba ya maye gurbin hoto. Idan ya hau sosai alama ce mai ƙarfi, sai dai ƙananan daji da yawa ba sa ɗaga shi ko kaɗan. Tsakuro naman ƙarin da allura a kai ɗakin gwaji kuwa yana zuwa ne idan hotuna sun saɓa wa juna, ko an ba da LR-M, ko ƙarin ya yi kama da daji a hantar da ba ta da cutar B kuma ba ta ƙandare ba, domin ƙa'idar yanke hukunci da hoto kaɗai masu haɗarin dajin hanta aka yi wa ita. A nan ma kumfa suna da amfani, suna nuna wa likita ɓangaren ƙarin da ke da rai, kada allurarsa ta faɗa cikin ruɓaɓɓen nama.

Magana ta ƙarshe ita ce samu. Mai kumfa yana buƙatar abu uku a wuri ɗaya: na'urar sikanin mai manhajar ganin kumfa, kwalbar allurar, da likitan da ya koyi karanta ta. A yankinmu da wuya ukun su haɗu, kuma yawanci allurar ce ko horon ke yankewa, tunda sababbin na'urori da yawa suna iya aikin. Kwalba ɗaya tana ba da allura biyu, kuma sai an yi amfani da ita cikin awa shida da haɗawa, don haka asibitin da zai fara sai ya tara masu buƙata a rana guda. Abu ne da sassan hoto na asibitocin koyarwa za su iya, kuma ina ganin ya cancanci a sa shi gaba a wurin da ciwon hanta ya yi wannan yawa. Kafin nan, wanda aka ba wa shawarar yin sa ya yi waya ya tabbatar akwai allurar a ƙasa kafin ya hau mota. Mai cutar B da aka ga ƙari a hantarsa kada ya ɓata wata guda yana nemansa alhali akwai CT mai matakai a garinsu. Kuma kafin ya bar ɗakin likita ya yi tambaya kai tsaye: "Likita, hoton nan da ka rubuta mini, zai faɗa mana mene ne ƙarin, zai kuma nuna inda ya kai, ko sai na sake yin wani?"